Dalma da Albarushi: Tarihin Harsashin Gida da Dalilin da Ya Sa Ƙungiya Ta Ce A'a



Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen wata sun ga yadda magana ta yi zafi a kan tsaron unguwa. Wasu daga cikin matasanmu sun kawo shawarar a cire kuɗi daga asusun ƙungiya a saya wa 'yan sintirin dare bindigogin toka. Ɗaya daga cikinsu ya ce ba sai an ɓata kuɗi wajen sayen harsashi ba, shi zai iya zubawa da dalmar tsofaffin batiran mota, don ya ga yadda Turawa ke yi a bidiyo a Facebook. Ya ƙara da cewa idan aka zuba shi da nauyi sosai, harbi ɗaya ya isa. Da aka nuna masa haɗarin abin, sai ya juya wajen dattijon da ke zaune kusa da shugaba ya ce, "Baba, ai kai ka ba mu labari mahaifinka maharbi ne, da hannunsa yake zuba harsashinsa. Me ya same shi?" Dattijon ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, rabin labarin na ba ku."

Kwamiti bai amince da shawarar ba. Amma da yake matasan ba da mugun nufi suka kawo ta ba, an umarce mu mu rubuta tarihin wannan al'amari, domin kowa ya ga inda dattawa suka dosa. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

KALMOMIN KANSU BAƘI NE

Mu fara da sunayen. Bindiga daga Larabci muka aro ta, daga bundukiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi kuwa daga rasas, kuma ma'anar rasas a Larabci ita ce dalma. Wato tun daga suna, harsashi da dalma abu ɗaya ne a wajen waɗanda suka kawo mana shi. Wannan ya nuna cewa ta arewa, ta hanyar Sahara, kakanninmu suka fara sanin bindiga, tun kafin ta fara shigowa da yawa daga bakin teku.

A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Borno ya samo 'yan bindiga Turkawa, ya kuma sa aka koya wa bayin gidansa harbi. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ne ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa. A zamanin ne kuma, a 1591, rundunar Maroko ƙarƙashin Judar Fasha ta ƙetare Sahara ta karya babbar daular Songhai a Tondibi, duk da cewa mayaƙan Songhai sun ninka su yawa. Bindiga ce ta raba gardama a ranar.

A ƙasar Hausa kuwa abin ya yi jinkiri. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Waɗannan da muke gani yau a hawan salla suna sakin albarushi gaban Sarki har ƙasa ta girgiza, wannan gadon suke riƙe da shi.

Duk da haka, kada mu ɗauka da bindiga aka yi jihadi. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, kwari da baka ne suka karya dawakin Gobir. Shekara 22 bayan haka, a 1826, Baturen nan Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye birnin Gobirawa. Ya ba da labarin cewa bindigogin rundunar 'yan kaɗan ne, bayi ne ke riƙe da su, kuma duk wanda ya harba sai ya sheƙa da gudu zuwa inda kibiya ba za ta kai ba, don ya sake ɗuri. Wanda ya taɓa mamakin inda sunan harbi-ka-ruga ya samo asali, ga hoton abin nan tun shekara 200 da suka wuce.

ME YA SA DALMA, ME YA SA NAUYI

Bindigar da ta fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma ita ce doguwar nan mai ƙanƙara, wadda ake ɗurawa ta baki. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Danmak, saboda 'yan kasuwar Danmak da suka kafa sansani a gaɓar Ankara ta ƙasar Gana suna cikin masu sayar da ita. Daga baya mafi yawanta a Birmingham ta Ingila da Liyaj ta Beljiyam ake ƙera ta, kuma da gangan ake yin ta da araha don kasuwar baƙar fata.

Dalma ta samu karɓuwa saboda dalilai biyu. Na farko, tana narkewa a zafin digiri 327, wanda wutar gawayi ke kaiwa cikin sauƙi, alhali baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Na biyu, tana da nauyi. Dunƙulen dalma ya ninka nauyin ruwa mai girmansa sau 11 da ɗoriya. Albarushin da, mai baƙin hayaƙi, ba ya tura harsashi da gudu sosai, don haka abin da aka rasa a gudu sai a nemo shi a nauyi. Harsashin bindigar sojan Ingila na ƙarni na 18 ya kai kusan giram 30. Na AK-47 na yau bai wuce giram 8 ba. Saboda haka maganar da matashinmu ya yi a kan nauyi tana da asali, sai dai ilimin wani zamani ne da wani irin albarushi.

Ina kakanninmu ke samun dalma? Wata Turawa ke kawowa sanda-sanda tare da bindigogi da gangunan albarushi. Wata kuma a ƙasarmu take. Dutsen tozali, wanda iyayenmu mata ke niƙawa su yi kwalli, ma'adinin dalma ne, kuma fatake sun daɗe suna sarinsa daga kwarin Binuwai, irin su Arufu kusa da Wukari da Zurak ta ƙasar Wase. Amma dalma ba ta taɓa wadata ba. Idan ta yanke, maƙera kan sassara guntayen ƙarfe, wasu har tsakuwa suke ɗurawa. Maharban giwa kuma suna da sango, wani gajeren mashi mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba. Shi ma albarushin ana haɗa shi a gida, sai dai bai kai na Turawa ƙarfi ba, kuma yau ya yi kyau gobe ya ƙi tashi.

A nan ne haɗarin yake. Duk lokacin da aka ƙara wa harsashi nauyi, ko aka ƙara albarushi, matsin da ke cikin bututun bindiga yana ƙaruwa, kuma ido ba ya ganinsa. Turawan Ingila sun san haka, shi ya sa tun 1813 suka kafa gidan gwajin bututun bindiga a Birmingham, inda ake ɗura wa bututu fiye da ƙima a harba kafin a buga masa hatimi. Duk da wannan gwaji, bindigogin da ake turo wa Afirka sun yi ƙaurin suna wajen fashewa a hannun mai su. To ina ga wadda aka ƙera da bututun ruwa a bayan gida, ba wanda ya taɓa gwada ta?

LOKACIN DA SARAKUNA SUKA FARA TSEREN BINDIGA

Daga wajen 1860 abubuwa suka canza. Jiragen ruwan Turawa suka fara hawowa Kwara, Lokoja ta zama kasuwa. Etsu Masaba na Nupe, wanda ya rasu a 1873, ya gane cewa wanda ya riƙe bakin kogi shi ya riƙe bindiga. Ya yi ta sayen bindigogi da albarushi, yana kuma ƙoƙarin hana su wucewa arewa sai ta hannunsa.

A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga saye ba. Ya tara bindigogi ta hanyar Tarabulus, ya sa maƙeransa suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin birnin Zinder. Wannan ne ya sa Damagaram ta zame wa Kano ƙarfen ƙafa a ƙarshen ƙarnin.

Mu da ke zaune a nan, labarin ya zo har ƙofar gidanmu. Garin da muke kira Suleja yau shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan Fulani sun kori gidan sarautar Haɓe daga Zariya. Sarkin Zazzau Yero ya tara rundunar bayi 'yan bindiga da makaman da ya samo ta Lokoja, ya kawo wa Abuja yaƙi a farkon shekarun 1890, amma ya koma bai ci ta ba. Duwatsu da dazuzzukan wannan yanki sun taimaki masu gida, kuma har Turawa suka zo Abuja ba ta shiga hannun Fulani ba.

Can gabas, Rabeh ya ci Kukawa a 1893 da runduna ƙarama amma mai horo da bindigogi, ya kafa hedikwata a Dikwa, kafin Faransawa su kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Can yamma kuma akwai Samori Ture, wanda shi ne ya kai wannan sana'a ƙololuwa. Maƙeransa sun iya gyara bindigogin zamani na Faransa, har suna kwaikwayon ƙirarsu, kuma mayaƙansa kan tsince kwanson harsashi bayan an tashi daga yaƙi a kai wa maƙera su sake cikawa. Abin da matashinmu ya gani a bidiyo, baƙar fata sun yi shi shekara 130 da suka wuce. Amma aikin hukuma ne, a hannun ƙwararrun maƙera, ƙarƙashin idon sarki. Kuma duk da haka Faransawa sun kama Samori a 1898.

YADDA AKA RUFE ƘOFA

A 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burasal suka sa hannu a wata yarjejeniya da sunan hana cinikin bayi. A cikinta aka haramta sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar mana mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. A daidai lokacin kuma su suna ta ci gaba. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, mai ƙarfin gaske. Da shi harsashi ke gudun da dalma tsura ba za ta iya jurewa ba, don tana da laushi, sai aka koma lulluɓe ta da riga ta ƙarfe, aka kuma rage mata nauyi. Harsashin bindigar Martini-Henry ta sojan Ingila giram 31 ne, na bindigar da ta gaje ta kuwa giram 14. A shekarar 1884 ɗin ce kuma Hiram Maxim ya fito da bindigar da kakanninmu suka kira bindiga mai ruwa, wadda ke iya zubar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya, alhali mai ɗuri ta baki sai ƙwararre ne zai yi harbi biyu ko uku.

A ƙaramar bindiga ce dalma mai nauyi ta fi daɗewa. Libarbar Webley, wadda sojan Ingila suka ɗauka a 1887 kuma hafsoshinsu ke ratayawa a zamanin da aka ci ƙasarmu, harsashinta dalma ce tsura mai nauyin giram 17, ninki biyu na harsashin fistol na yau. Sun so ta ne don ta kayar da mutumin da ya taso musu da takobi ko mashi kafin ya iso. Irin raunin da harsashi mai baje wa a jiki ke yi ya sa taron Heg na 1899 ya haramta shi a yaƙi, kuma daga baya Ingila ma ta koma mai riga.

Nan kusa da mu aka kunna ashanar ƙarshe. Keffi ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Nyanya ba, idan Allah ya tsare mutum daga cunkoson Mararaba. A can ne, a watan Oktoba na 1902, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903 Kano ta faɗi. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Ranar 27 ga Yuli aka yi Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a waɗannan wurare. Makamin ne ya riga ya tsufa. Abin lura kuma, babban hafsan Turawa da ya mutu a Burmi, Manjo Marsh, kibiya mai dafi ce ta kashe shi.

Bayan an ci ƙasa, bindigar toka ta koma hannun maharba da manoma masu korar biri da gyado, da 'yan bindigar sarki ranar salla. Ko a wannan hali ba kowa ke riƙe ta ba. Maharbi yana da uban gida, yana ƙarƙashin Sarkin Baka, yana shekaru yana ɗaukar jaka kafin a bar shi ya ɗura da kansa.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko waɗanda aka haramta, kamar bindigogin soja da fistol da libarba, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu irin bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka, su ma sai da izinin hukuma. Dokar ta kuma hana kowa ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Gwamnati na da nata kamfanin ƙera makamai, DICON, wanda aka kafa a Kaduna a 1964.

Baturen da ke cikin bidiyon yana Amurka ne, inda doka ta yarda mutum ya cika harsashinsa don amfanin kansa. Yana da ma'auni mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, yana da littattafan da kamfanoni suka buga bayan gwaji, bindigarsa kuma daga masana'anta ta fito. Duk da haka su ma bindigogi na fashe musu. A wajenmu kuwa, wanda ya yi haka ya karya doka tun kafin ya hura wuta, kuma ƙungiyar da ta ba shi kuɗi ta shiga cikin laifin.

ABIN DA KAKANNINMU BA SU SANI BA

Ko da doka ta yarda, akwai abin da ya fi ta nauyi a wajenmu, shi ne lafiyar 'ya'yanmu.

A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma. An yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba. Da aka auna jininsu sai aka tarar dalma ce. Mutane na kawo duwatsun zinare cikin gida suna niƙawa, duwatsun kuwa cike suke da dalma, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a samu yin nata ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Wani zai ce ai wannan haƙar zinare ce. To ga wanda ya yi daidai da namu. A wata unguwa mai suna Caroy a gefen birnin Dakar na Senegal, mutane sun mai da fasa tsofaffin batiran mota da tara dalmarsu sana'a, a cikin gidaje. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu. Unguwa ce mai cunkoso, ta masu neman na abinci, kamar tamu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar illa. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin shanye ta, kuma tana ratsawa daga mai ciki zuwa abin da ke cikinta. Yaron da bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa, a yi ta dukansa a makaranta ana cewa daƙiƙi ne. Saboda wannan ne duniya ta daina zuba dalma a man fetur, ƙasar ƙarshe ta daina a 2021. Ita kanta Danmak, wadda bindigar toka ke ɗauke da sunanta a bakin Turawa, ta hana farauta da ƙwayoyin dalma tun 1996, saboda guntayenta na saura a cikin nama da ƙasa da ruwa.

Yanzu mu dubi yadda muke zaune. Gida ɗaya ɗaki goma, tsakar gida ɗaya, murhu kusa da murhu, rijiya ɗaya. Wanda ya narkar da dalma a irin wannan wuri, hayaƙin da ƙurar ba a ƙofar ɗakinsa za su tsaya ba.

SAURAN RABIN LABARIN

Bayan an tashi taro mun bi dattijon har gida muka ce, "Baba, a ƙarasa mana." Ya ce mahaifinsa bai taɓa narkar da dalma a cikin gida ba, can bayan gari yake zuwa, kuma yaro bai isa ya bi shi ba. Ya ce wata shekara ana bikin ɗan wani mai gari, aka zuga shi ya ƙara ɗuri don ƙarar tasa ta fi ta sauran maharba. Bindigar ta tsage a hannunsa, ya rasa babban yatsa da biyu na kusa da shi. Daga ranar bai ƙara farauta ba, noma ma sai da taimako, kuma shi dattijon da ke ba mu labari dole ya bar makarantar allo ya kama fartanya yana ɗan shekara goma sha. Ya ce, "Mutumin da ya shekara talatin yana wannan aiki ke nan. Ku gaya wa yaran nan garin neman gira kada a rasa ido."

Ba muna raina damuwar matasanmu ba ne. Mu ne muka kwashi gawarwaki a tashar mota ranar 14 ga Afrilu, 2014, lokacin da bam ya kashe fiye da mutum 70 da sassafe, kuma ba a yi kwana 20 ba wani ya sake tashi ranar 1 ga Mayu. Mun san tsoro, mun san abin da ake ji idan ɓarayi suka shigo layi da dare aka kira waya ba a ɗauka ba. Muna kuma girmama maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014. Amma su maharba ne na gado, da shugabanninsu, kuma tare da jami'an tsaro suka yi aikin. Tarihin da muka bi ya nuna cewa tun daga Babba Zaki har zuwa Samori, duk inda bindiga ta yi amfani a ƙarƙashin wata hukuma take, kuma ko a can ba ta iya tsayawa gaban makamin da ya fi ta ba. Ɗan fashin yau AK-47 yake riƙewa. Idan muka ba yaronmu harbi-ka-ruga muka tura shi gabansa, mun sa an san inda yake tsaye ne kawai, ga shi kuma in jami'an tsaro suka zo shi za su fara kamawa.

MATSAYAR ƘUNGIYA

Saboda haka kwamiti ya tsayar da abubuwa kamar haka. Ba za a cire ko kwabo daga asusu don sayen bindiga ko albarushi ko dalma ba. Kuɗin tsaro zai tafi ne wajen fitilu masu aiki da hasken rana a lungunan da suka fi duhu, da tocila da usur da rigunan ruwa na 'yan sintiri, da gyaran ƙofofin layi. Za a rubuta sunayen 'yan sintirinmu a kai ofishin 'yan sanda na yanki don a san da su, a kuma nemi lambar da za a riƙa kira kai tsaye. Duk ɗan ƙungiyar da ya gaji bindigar toka daga iyaye, ya je ya nemi izini ko ya miƙa ta, kada ya bar ta ƙarƙashin gado inda yara ke wasa.

Muna kuma roƙon 'yan uwanmu masu sana'ar gwangwan da masu cajin batir, don Allah kada a fasa batir ko a ƙona shi a cikin unguwa, kada a zubar da ruwansa a kwata, kuma wanda ya taɓa shi ya wanke hannu ya canza kaya kafin ya ɗauki yaro. Iyaye mata, a kula da irin kwallin da ake sa wa jarirai, domin na dutsen tozali dalma ne. Idan yaro yana yawan ciwon ciki da kasala ko jijjiga, kuma ana aikin batir kusa da gida, a gaya wa likita wannan a fili don ya san abin da zai auna.

Matashin da ya kawo shawarar ya zo ya same mu bayan kwana biyu, ya ce a sa sunansa cikin masu kafa fitilun, tunda aikin lantarki ya koya. Mun sa.

Wanda yake da ƙarin bayani, musamman waɗanda suka fito daga gidan maharba ko maƙera, ya rubuta a ƙasa mu ƙaru. Wanda kuma yake da saɓanin ra'ayi, ƙofa a buɗe take a taro mai zuwa, a zo a faɗa cikin ladabi. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya tsare mana 'ya'yanmu, ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa